Suɗaɗɗun sulalla huɗu da na aika a tantance, da abin da ya dawo

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara tsofaffin sulallan Amurka, kuma kusan duk abin da ke cikin akwatina suɗaɗɗe ne. Kwandalar da aka naɗe tun ranar da ta fito daga gidan bugu, ta kwana shekara ɗari hannu bai taɓa ta ba, tana da kyau, ban musa ba. Amma zuciyata ta fi karkata ga wadda ta sha yawo har fuskar da ke jikinta ta koma inuwa. A duk tsawon shekarun nan da idona nake aiki, sai gilashin dubawa mai ninka girma sau goma da ɗan sikeli. Bana ne na yanke shawarar gwada kamfanin tantancewa, na ware guda huɗu na aika wa ɗaya daga cikin masu wannan sana'a a Amurka. Ba zan kira sunansa ba, domin abin da zan faɗa ya shafi aikin ne gaba ɗaya, wanda ya aika wa waninsa ma zai iya cin karo da irinsa.

Ga wanda bai saba da harkar ba, makin da ake ba kwandala yana tashi ne daga 1 zuwa 70. William Sheldon ne ya fito da ma'aunin a 1949, kuma saboda manyan sulallan senti ɗaya na jan ƙarfe na farkon zamanin Amurka ya tsara shi. Lissafinsa mai sauƙi ne: in kwandala mai maki 1 tana da wani farashi, mai maki 4 ta ninka shi sau huɗu, mai 70 sau saba'in. Kasuwa ta daɗe da rushe wannan lissafi, lambobin ne suka rage. Daga baya aka faɗaɗa ma'aunin ya shafi kowane irin kuɗi, sannan kamfanoni irin su PCGS a 1986 da NGC a 1987 suka fara rufe sulalla cikin kwanson roba da makinsu a rubuce.

Yawancin surutun 'yan kasuwa a saman tsanin yake, tsakanin 63 da 67. Ni a ƙasa nake zaune. Haruffan da ke gaban kowace lamba taƙaitaccen sunan matakin ne da Turanci. PO-1 ita ce wadda ta shafe sai abin da zai isa a gane irinta da shekararta. FR-2 ta ɗara ta da kaɗan, ana ganin siffar zanen da wasu haruffa. A AG-3 ana karanta yawancin rubutun, sai dai bakin kwandalar ya suɗe har ya ci kawunan haruffan da ke kewaye. A G-4 bakin ya kusa cika, haruffa sun rabu da shi. G-6 bakin ya cika duka. Daga VG-8 ne ƙananan zane suke fara leƙowa. Matakai shida ne a ɗan wuri matsattse, kuma a kwandala mai wuyar samu tazarar mataki guda kuɗi ne na gaske.

Aikawar ba ta da wahala amma tana son natsuwa. Ka cike takarda, ka rubuta ƙimar da kake ganin kowace ta kai, domin da ita ake yanke rukunin kuɗin aiki da na inshora. Kowace kwandala ka sa ta cikin 'yar ledarta mai aljihu biyu, ba irin mai laushin nan da ke barin koren danƙo a jikin ƙarfe ba, kuma ban da ƙusar maƙala takarda ko salatif. Kafin in rufe kwalin na ɗauki hoton kowace gaba da baya, na auna nauyinta na rubuta. Wannan shawara ce da nake ba kowa, domin da zarar an rufe ta a roba, kai da sikeli kun rabu. Jira ya kai ni kusan wata biyu. Shafinsu na intanet yana nuna inda kayanka suke, an karɓa, ana dubawa, ana rufewa, amma a matakin dubawa kayana suka yi makonni ba motsi, kuma ba wanda ya ce mini komai. Ga mutumin da ya sa mafi darajar abin da ya mallaka a kwali ya tura, wannan shirun yana da nauyi.

Wadda ta sa na yi duk wannan ɗawainiya ita ce senti goma ta 1916 mai harafin D, alamar gidan bugu na Denver, irin da ake kira Mercury, sunan wani gunkin Romawa. Sunan kuskure ne da ya bi ta, hoton mace ce mai wakiltar 'yanci sanye da hula mai fukafukai, zanen Adolph Weinman. A waccan shekara gidan bugu na Filadelfiya ya buga sama da miliyan 22, na San Faransisko sama da miliyan 10, na Denver kuwa 264,000 kacal. Duk bambancin da ke tsakanin kwandalar da darajarta ba ta wuce azurfar jikinta da yawa ba da wadda kowane mai tarawa ke mafarkinta, ɗan harafi ne guda a baya, can ƙasa kusa da baki, bayan kalmar ONE. Girmansa bai kai ƙwayar gero ba. Shi ya sa 'yan jabu suka daɗe suna yanko D daga wata kwandala su manna a ta Filadelfiya, ko su sassaƙe S na San Faransisko su mayar da shi D. Kuma suɗaɗɗiya suka fi so, domin suɗewa tana ɓoye tabon aikinsu.

Tawa ta auna giram 2.3 da 'yan kai, sabuwa kuwa 2.5 ce, to ragin ya yi daidai da irin yawon da ta yi. Gabanta ya gamsar da ni: lambobin shekara huɗu duka a fili, haruffan LIBERTY sun tsaya da kansu. A zuciyata G-4 na ba ta. Da kwalin ya iso, abin da na gani a takardar cikin roba shi ne AG-3. Raina ya sosu a daren, ba zan ɓoye ba. Washegari na kunna fitila guda, na kashe sauran, na juya ta baya na duba da sabon ido. Daga saman STATES har zuwa AMERICA bakin ya narke ya shiga haruffa, kusan sulusin tsayinsu ya tafi. Haka wannan iri take, bayanta ya fi gabanta saurin rasa baki, kuma na san da haka tun kafin in aika. Gaba 4 ne, baya 3, su kuma lamba ɗaya suke bayarwa, kuma ɓangaren da ya fi rauni shi ke jan makin ƙasa. A kan wannan ba ni da ƙorafi.

Na kira dattijon da ya koya mini riƙon gilashi, na karanta masa sakamakon da muryar wanda aka rage wa wani abu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, harafin ka biya a duba maka ko lambar?" Na ce, "Baba, ai duka biyun." Ya ce, "To mai tsadar sun ba ka, je ka yi godiya." Gaskiyarsa. Ƙarafunan bugu huɗu ne aka sani an buga bayan 1916 mai D da su, kuma a kowanne harafin yana zaune a wuri sananne da karkata sananniya. D na gaske yana da kusurwoyi kamar akwati, ramin cikinsa ya yi kama da alwatika. Ni na karanta wannan, na kuma gwada da hotuna, amma kwandala ta gaske guda nawa na taɓa riƙewa? Uku. Wanda ke zaune a ɗakin dubawa ya riƙe ɗaruruwa, na gaske da na jabu. Wannan idon na saya. Shekara shida ina da kwandalar nan da ɗan ƙaiƙayin shakka a raina, yanzu ya tafi. Ko da nan kaɗai aka tsaya, kuɗina bai faɗi a banza ba.

Ta biyu ita ce ta fi tsaya mini a rai, senti ɗaya ta 1877 mai hular gashin tsuntsu, zanen James Longacre. Guda 852,500 aka buga, kuma ita ce uwar wahala a jerinta. Abu na farko da mai ido ke dubawa a bayanta shi ne harafin N na kalmar ONE, wanda ƙasansa ke fitowa da rauni a waɗanda aka buga don kashewa. Wanda bai sani ba zai ɗauka suɗewa ce. Raunin bugu ne, daga gidan bugu ta fito da shi, kuma shi ne ma shaidar asalinta. In ka ga ta 1877 da ta sha yawo amma N ɗinta ya fito da ƙarfi, ka ƙara buɗe ido. Rarrabe abin da bai taɓa fitowa ba da abin da hannu ya cinye shi ne rabin wannan ilimi, kuma kamfanin ya ci wannan jarrabawa, bai hukunta ta a kan N ba.

Sai dai bai ba ta lamba ba. An rufe ta a roba, an rubuta cewa ta gaske ce, zanenta na matakin G ne, sannan kalma guda: an wanke ta. Na yi mamaki, domin launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu, irin wanda nake so. Na ɗauke ta zuwa fitila, na riƙa karkata ta a hankali kamar mai neman ƙura a madubi. A wata kusurwa sai ga su: siraran layuka a filin da ke gaban fuskar, duk sun nufi gefe guda. Ƙarcen da yawo ke bari ba ya da alƙibla, yana zuwa daga ko'ina, gajere nan dogo can. Wanda tsumma ko buroshi ya bari kuwa a jere yake kamar kunya a gona. Launin filin ma, da na lura, yana da ɗan ja-ja a ƙarƙashin duhun, alhali kewayen haruffa baƙi ne ƙirin. Wani ya goge ta, wataƙila kafin a haife ni, sannan shekaru suka sake rufe ta da launi. Sun gani cikin ɗan lokaci abin da ni ban gani ba cikin shekara huɗu.

To ina ƙorafina? Kalma guda ta yi kaɗan. Kwandalar da aka shafa da tsumma a zamanin kakanni ta sake yin launi, da wadda aka kankare da buroshin waya jiya tana walƙiya kamar sabuwar tukunya, duka kalma ɗaya ake manna musu. Mai saye daga nesa yana ganin kalmar sai ya juya baya ko ya karya farashi, bai ma kalli ƙarfen ba. Kuma ba su faɗa maka inda suka ga aibin ba, kai za ka nemo da kanka. Layi guda a shafinsu, a ce duba filin gaban fuska, zai mayar da hukuncin darasi. A nan na fi ganin hikimar masu tara tsofaffin sulallan jan ƙarfe, 'yan ƙungiyar Early American Coppers da aka kafa a 1967. Su sukan faɗi makin kaifin zane, sannan su rage gwargwadon aibi, su ba ka lamba ta ƙarshe: zane 6 ne, saboda tsatsa ko shafa ta koma 4. Ana iya jayayya da ragin, amma aƙalla akwai abin jayayya a kai. Kuma mu tuna, kwandalar da ta yi shekara arba'in tana yawo daga aljihu zuwa aljihu, ta faɗi a ƙasa, ta kwana a laima, da wuya ta iso ba tabo. In aka auna ta da idon da ake auna sabuwa, kusan duka za su faɗi. Ina ganin ya kamata sassaucin ya ƙaru yayin da ake sauka ƙasan tsani, kuma a faɗi iyakarsa a fili.

Ta uku gwaji ce kawai. Senti biyar ce mai hoton ɓauna, zanen James Earle Fraser, irin da aka buga daga 1913 zuwa 1938. Shekarar wannan iri a kan kafaɗar mutumin da ke gaban kwandalar take, wuri mai tudu, don haka ita ke fara tafiya. Tawa ba ko alamar lamba. Amma ɓaunar tana tsaye a kan tudun ƙasa, kuma wannan zane a farkon 1913 kaɗai aka yi shi, kafin a gyara a nutsar da rubutun FIVE CENTS ƙarƙashin layi don kada ya shafe. Harafin D na nan da ɗan saura. Suka rubuta 1913, zane na farko, FR-2. Daidai. Na ji daɗin ganin ba lamba kaɗai suke nema ba, sun san zanen yana iya faɗin shekara. Wasu kan ɗiga asid a kafaɗar irin wannan kwandala don shekarar ta fito. Tana fitowa, amma wurin ya ƙone ke nan har abada, kuma ba kamfanin da zai ba ta maki mai tsabta. Kada ka yi. Akwai kuma masu neman PO-1 da gangan, suna haɗa jerin mafi suɗewa, har ta kai mai maki 1 na iya fin mai maki 3 tsada a wasu iri. Wannan ya jawo masu suɗe kwandala da inji ko takardar yashi. Irin wannan suɗewar tana da santsi iri ɗaya ko'ina da launi fari fat, ba ta da dattin shekaru a lungunan zane.

Ta huɗu ta dawo yadda ta tafi, cikin ledarta, ba roba. Kwatar dala ce mai mace a tsaye riƙe da garkuwa, zanen Hermon MacNeil. Ita ma shekararta a tudu aka sa ta, sai a 1925 aka nutsar da ita, shi ya sa marasa shekara suka yi yawa. Tawa ba taurari a ƙarƙashin gaggafar baya, wanda ke nufin ko ta 1916 ce ko ta farkon 1917. Ta 1916 guda 52,000 aka buga, ta 1917 ta Filadelfiya mai wannan zane kuwa sama da miliyan takwas. Ana iya rarrabe su ko ba shekara: a ta 1916 kan macen yana kutsawa cikin adon da ke kewaye da baki, gashin bayan kai da faɗuwar riga kusa da ƙafa su ma sun bambanta. A tawa na ga kamar rigar ta yi irin ta 1916, saman kai kuwa ya shafe sarai. Takardar da suka haɗo ta ce ba a iya tabbatar da shekara ba. Kuɗin aikin bai dawo ba, kuma sun faɗi haka tun a ƙa'idojinsu.

Na yi kwanaki ina juya wannan a raina, na kuma tsaya a kan cewa sun yi daidai. Lissafi kaɗai ya nuna wace ce ta fi yiwuwa, kuma in alama guda ce ta rage, ita ma rabi, to fata ce ke kallo ba ido ba. Kamfanin da zai rubuta 1916 don ya faranta mini, shi ne zai rubuta wa wani D na jabu na gaske, ni kuma in je in saya. Ƙin da suka yi a kan kwatar shi ne ya ba amincewarsu a kan senti goma nauyi. Abin da na so kawai shi ne su ce mini ko sun karkata ga 1917, ko kuwa ba abin da ya rage da za a kama. Waɗannan amsoshi biyu ne daban, kuma wanda ya duba ya san wacce ce.

Kwanson kansa aiki ne mai kyau. A rufe yake gam, kwandalar ba ta motsi a ciki, ana ganin gefenta, kuma lambar da ke jiki in ka shigar a shafinsu tana fito da bayanin. Hoton da na ƙara kuɗi aka ɗauka ya fi duk wanda na taɓa yi da wayata, ko da yake ya haska senti ta 1877 fiye da yadda take a ido. Robar tana saurin ƙarcewa, ka samo mata leda. Akwai kuma rashin da ba a rubuta shi a takarda: suɗaɗɗiyar azurfa tana da wani santsi a tsakanin yatsu, kamar dutsen rafi, kuma ba zan ƙara jin na senti goma ɗin nan ba muddin tana ciki.

In za ka tambaye ni ko ka aika, zan tambaye ka me ke riƙe da darajar kwandalarka. In harafi guda ne ko lamba guda, kamar 1916 mai D, ko senti ta 1909 mai S da haruffan VDB na sunan mai zanenta da aka buga 484,000, ko dalar Morgan ta 1893 mai S da aka buga 100,000, to aika, komai suɗewarta, musamman ma in ta suɗe. In kuwa tsohuwa ce kawai ta gama-gari, kuɗin aiki da na aikawa da na inshora za su haɗiye ta, gara ka sayi gilashi mai kyau da fitila ka zauna da hotunan matakai ka koya. Kuma kada ka aika don neman 4 maimakon 3. A wannan wuri masana biyu na iya saɓawa a rana guda, kai ma kana iya koyon ganin baki da haruffa cikin 'yan watanni.

Kwatar na mayar da ita ambulan ɗinta, na rubuta a kai da fensir: zane na farko, shekara ba tabbas. A aikawa ta gaba senti ɗaya ta 1914 mai D za ta tafi. 'Yan jabu kan aske 4 na farko a ta 1944 su mayar da shi 1, amma sukan bar tazara mai faɗi tsakanin 9 da 1, kuma ta 1944 tana da ƙananan haruffan VDB a ƙasan kafaɗar Shugaba Lincoln da hotonsa ke gabanta, waɗanda ta 1914 ba ta da su. Na duba kafaɗar tawa sau uku, ban ga komai ba, sai dai wurin ya suɗe har ba na iya rantsuwa cewa babu su tun asali.